Daga Sirdin Doki Zuwa Sirdin Babur: Tarihin Babur da Gyaransa a Birnin Sakkwato

 

Idan aka ambaci tarihin Sakkwato, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya kafa birnin a 1809, da Hubbare, da karon Giginya na 1903. Wannan kuwa daidai ne, domin su ne ginshiƙin. Sai dai akwai wani tarihin da ke wucewa ta gabanmu kullum, yana ƙara yana tayar da ƙura, ba mu ɗauke shi a bakin tarihi ba. Muna nufin babur. Shi ke kai ɗalibi jami'a, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke ɗauko albasa daga fadama, shi ne kuma tukunyar da gidaje masu yawa ke ci daga cikinta. A yau za mu bi sawunsa: yadda ya zo, yadda muka koyi gyaransa da hannunmu, da abin da ya ci mana na rai da lafiya.

Garin da jirgin ƙasa bai je ba

Mu fara da abin da ya bambanta Sakkwato da Kano ko Zariya. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara gaba ba. Har yau jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Shehu ba. Saboda haka duk abin da zai shigo ko ya fita, a kan hanya yake bi: da ƙafa, da jaki, da raƙumi, da doki, daga baya da babbar mota. Garin da ya dogara da hanya haka, dole ya san darajar abin hawa, ya kuma san darajar mai gyara shi.

Kafin babur, keke ne ya fara raba mutane da doki. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Keken Raleigh, wanda muke kira Rali, daga birnin Nottingham na Ingila ya samo asali, daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kano. Keke ne ya haifar mana da masu faci, da masu miƙe gargare, da masu ba da haya ga yara su koyi tuƙi. A gindin bishiyar mai gyaran keke aka fara sanin sifana da filaya da famfon iska. Da babur ya zo, bai tarar da fili fayau ba, ya tarar da hannayen da suka riga suka saba da noti da sarƙa.

Harshe ma ya adana wannan gado. Wurin zaman mai keke ko babur har yanzu wasu sirdi suke ce masa, kalmar da aka ɗauko kai tsaye daga doki. Ɗaukar mutum a baya kuwa goyo muke cewa, kamar yadda uwa ke goya ɗanta. Tsofaffin sana'o'in gari su ma ba su mutu ba, sun dai sauya aiki. Garin da ke da unguwa irin Maƙera Asada, garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna har Turai, bai rasa wanda zai ƙera kariyar ɗaukar kaya ko ya ɗinke sirdin da ya yage ba. Aikin da maƙeri da baduku suka yi wa doki, shi mai walda da mai ɗinkin kujera suke yi wa babur.

Daga ina injin ya fito?

A 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora injin fetur a kan wani abu mai kama da keke na katako. A 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller, shi ma a Jamus, ya fara ƙera babur da yawa domin sayarwa. A zamanin mulkin mallaka, baburan Ingila irin su BSA da Triumph ne suka yi tashe a ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma a wurinmu abin hawan Turawa ne da ƙalilan daga cikin ma'aikata.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne abin ya sauko inda talaka zai iya hangensa. A 1946 kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Vespa. A 1948 aka kafa kamfanin Honda a Japan, a 1958 kuma ya fito da ƙaramin babur ɗin nan Super Cub, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100 nasa. A wajen maƙwabtanmu na Nijar, daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, mobilet ɗin Faransa ne ya fi yawa a wancan lokaci.

Akwai wani labari da ya shafe mu sosai, ko da yake ba a ƙasarmu ya faru ba. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin Honda sun zagaya wasu ƙasashe masu tasowa na Asiya domin su ga yadda ake amfani da baburansu. Suka tarar ana yi musu lodi fiye da ƙima, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a canza ba, ba a zuwa wurin bakanike sai abu ya tsaya cak. Maimakon su tsaya zargin mutane, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Yawancin baburan Sin da suka cika titunanmu daga baya, a kan tsarin irin waɗannan injunan Japan aka gina su.

Zamanin Udoji da Vespa

A 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta raba ƙasa jihohi 12, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. A 1975 aka kafa jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo ma'aikata, ya kuma tura gari waje da ganuwa. Mutumin da da yake tafiya da ƙafa daga Ƙofar Rini zuwa kasuwa, yanzu ofishinsa ya yi nisa, gidansa ma ya koma sabuwar unguwa.

Ana cikin haka kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin nan na Udoji, wanda aka biya a 1975 haɗe da ariyas na watanni. Ma'aikaci ya ga kuɗi a dunƙule irin wanda bai taɓa gani ba. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo, da yawa kuma suka sayi babur. Kamfanoni suka biyo kasuwa: Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a 1979, Yamaha na shigowa ta hannun John Holt, Suzuki kuma ta hannun Boulos a Legas.

A wancan zamani babur alamar rufin asiri ce. Malamin makaranta, da malamin gona, da malamin asibiti, da akawu, su ne masu shi. Vespa kuwa ta sami karɓuwa ta musamman a wurin dattawa da 'yan kasuwa, kuma dalilin a bayyane yake. Injinta a rufe yake, tana da faffaɗan wurin ajiye ƙafa, ba ta da sarƙa a waje da za ta kama babbar riga ko ta ɓata ta da giris. Mutum zai hau da rigarsa da rawaninsa ya je ɗaurin aure ya sauka tsaf. Ga ta kuma da tayar safaya a jikinta.

A nan ne al'adar gyaran gida ta kafu, kuma injin ne da kansa ya tilasta ta. Vespa da yawancin Yamaha da Suzuki na lokacin injinsu mai bugu biyu ne, wato irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Idan man ya yi kaɗan fistin ya ci wuta ya kafe. Idan ya yi yawa hayaƙi ya turnuƙe, filogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Saboda haka mai babur na gaskiya ba ya fita sai da filogin safaya, da sifanar kwance shi, da ɗan tsumma. Idan babur ya mutu a hanyar Wamakko ko ta Kware, ba a neman kowa. A kwance filogi, a goge, a hura, a mayar, a buga kik. Ranar hutu kuma a fito da shi ƙofar gida a wanke, a shafa mai a sarƙa, yara suna miƙo kayan aiki. Da yawa daga cikin kanikawan da suka yi suna daga baya, daga wannan miƙo sifana suka fara.

1986: lokacin da babur ya zama gona

Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta karye. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, tasi ta yi ƙaranci, kayan gyara suka yi tsada, albashi ya daina kai wata. Sai mai babur ya lura cewa abin da yake hawa zuwa ofis zai iya ciyar da gida idan ya goya mutane da yamma.

Haka sana'ar ta bazu a ƙasa, kowane yanki da sunan da ya raɗa mata. A kudu okada, daga sunan kamfanin jiragen sama na Okada Air. A Kano acaɓa. A Jamhuriyar Benin zemijan. Mu a Sakkwato, da 'yan uwanmu na Nijar, kabu-kabu muke cewa, alhali a Legas wannan kalma motar gida take nufi wadda ake haya da ita ba tare da fentin tasi ba. Marubucin da ya sa Basakkwace a labarinsa yana kiran ɗan acaɓa a Gawon Nama ya riga ya tona wa kansa asiri.

Da babur ya koma neman abinci, gyaransa ma ya sauya. Injin da da yake yin tafiyar safe da yamma, yanzu daga asuba har dare yake aiki. Sabon kaya kuwa babu kuɗinsa. A nan ne kanikawanmu suka nuna basira. Idan silinda ta cinye, a kai a rarake ta a sa fistin da ringi masu girma kaɗan. Idan kwayil ya ƙone, a warware a sake naɗa waya. A yanka gasket daga kwali, a yi faci a kan faci, a ciro kayan mataccen babur a rayar da wani. Aka sami tsarin balas, inda mai babur ke ba matashi ya yi aiki ya kawo kuɗin da aka yanka kullum. Wannan tsari ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma ya kawo wata matsala: wanda babur ba nasa ba ne, ba kasafai yake damuwa da ranar juyen mai ba, kuma balas ɗin da ke jiransa shi ke taka masa totur.

Zuwan Sin da Indiya

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan ƙasar Sin suka fara kwararowa. 'Yan kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra, irin su Innocent Chukwuma mai kamfanin Innoson, suka gano cewa idan aka shigo da babur a warwatse aka harhaɗa shi a gida, kwantena ɗaya za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka, farashi kuma ya sauko ƙwarai. Jincheng ta zama sunan da kowa ya sani. Daga baya Bajaj ta Indiya ta kawo Boxer, wanda muke kira Boksa, mai injin bugu huɗu, mai doguwar kujera, mai tsimin mai, ya kuma mamaye sana'ar haya. Ƙananan baburan da muke kira roba-roba suka zama na ɗalibai da ma'aikata. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, rabon babura ya shiga cikin kayan siyasa.

Arahar ta sauya kanikanci. A da bakanike gyarawa yake yi, yanzu galibi canzawa yake. Kafireta ta ba da matsala, a cire a sa sabuwa. Kaya kuma suka rabu aji-aji, na asali da mai bi masa da na jabu, har mai shago kan tambaye ka wanne kake so. Araha dai ba ta ado. Takalmin birki na jabu ba ya nuna halinsa a shago, sai ranar da yaro ya gitta a gabanka.

Abin da ƙasarmu ke yi wa inji

Duk wanda zai yi rubutu a kan wannan fanni ya kamata ya san abu uku da ke kashe babur a Sakkwato: zafi, ƙura, da gurɓataccen mai.

Waɗannan babura ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da ake jira ta sanyaya injin ita kanta da zafinta take zuwa. Baƙin mai ya tsinke, ya rasa ƙarfin raba ƙarfe da ƙarfe. Shi ya sa mai hankali ke duba ma'aunin mai da safe, yake kuma juye shi a kan lokaci ba sai ya koma kamar kwalta ba.

Ƙura kuwa sai an yi lissafi ake gane ɓarnarta. Inji yana haɗa kimanin kashi 15 na iska da kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Wato kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. A lokacin hunturu duk wannan iska cike take da ƙura, kuma abin da ke tsakaninta da fistin ɗan soso ne kawai, wanda kanikawa ke kira iyakilina. Idan ya toshe, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi. Idan aka cire shi aka yar, kamar yadda wasu ke yi, ƙurar ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa tana cin ringi. Wanke soson nan aikin minti goma ne a tsakar gida. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na uku shi ne man galan na 'yan bumburutu, wanda wani lokaci yake zuwa da ruwa ko datti, ya kwanta a ƙasan kafireta ya toshe ƙananan kafofinta.

Masu sha'awar babur na gaske, irin dattawan da har yau suke riƙe da Vespar da ta girmi 'ya'yansu, suna da ƙa'ida a kan abin da ake yi a gida. Ana duba mai da iskar taya. Ana wanke sarƙa da kananzir a shafa mata mai, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu, domin wadda aka ɗaure tamau tana cin haƙoran da take hawa, sakakkiya kuma tana iya zamewa ana cikin gudu. Ana karanta filogi kamar wasiƙa: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya, baƙi alamar mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari fat alamar injin na ɗaukar zafi. Ana ɗaure notin da girgiza ta kwance, a gyara wayar birki da ta kuloci. Amma buɗe cikin inji, da saita bawul, da harkar giya, wannan na mai sana'a ne. Wanda ya ƙetare wannan iyaka yakan kwashi kayan injinsa a buhu ya kai wa bakanike, shi kuwa ya dube shi ya ce, "Alhaji, wa yat taɓa shi?"

Gyaran gida yana da nasa haɗarin, kuma ya ci rayuka a wurare da yawa. Tayar da inji a rufaffen zaure yana tara iskar guba wadda ba ta da wari. Ajiye fetur a ɗaki kusa da murhu ya ƙone gidaje. Zuƙo mai da baki ta tiyo yana iya kai shi huhu. Tsohon baƙin mai kuma ba maganin ciwo ba ne, ko da an ga wasu suna shafa shi a rauni.

Hular kwano da ƙwarya

Idan aka zo batun kayan kariya, tarihinmu ba mai daɗi ba ne. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988. A ranar 1 ga Janairu 2009 ta fara tilasta sa hular kwano ga mai tuƙi da wanda ya goya a duk faɗin ƙasa. Farashin hular ya tashi nan take. Kafafen labarai, har da BBC, suka ruwaito yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka domin su wuce jami'ai. Fasinjoji suka ƙi sa hular da kowa ke sawa, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar asiri. Ba a daɗe ba dokar ta yi sanyi.

An yi dariya, amma akwai abin lura a ciki. Hular an ƙera ta ne ba tare da tunanin mai zanna bukar ko mai rawani ko mai ɗaurin kallabi ba, ba a kuma yi tunanin zafin Sakkwato ba. Wanda ya kawo dokar bai tsaya ya bayyana yadda hular ke aiki ba. Ƙarfinta ba a ƙoƙon waje kaɗai yake ba. A cikinta akwai wani farin soso mai tauri wanda ke murƙushewa ya shanye bugun da zai kai ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hular magina ba ta maye gurbinta, wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuma tana tashi kafin kai ya isa ƙasa, wadda ta taɓa shan mummunan bugu ta gama aikinta. Binciken likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69.

Mu dubi kayan ɗan kabu-kabunmu. Zai sa tabarau da rawani ko takunkumi saboda ƙura, jibgegiyar rigar gwanjo da safar hannu saboda sanyin hunturu, leda saboda ruwan sama. Duk ya kare kansa daga yanayi, amma bai kare kansa daga kwalta ba. Ƙafarsa silifas ne. Madubi kuwa sau da yawa an kwance shi tun ranar da aka sayi babur, wai don gayu ko don kutsawa cikin cunkoso. Ga matsalar da ta fi shafar iyayenmu mata da ƙannenmu: hijabi ko zani mai tsawo da ke faɗawa cikin taya ko sarƙa ya fizgo mace ƙasa. Murfin sarƙa da ragar gefen taya da ke hana wannan, su ne abin da ake fara cirewa a yar. A ƙara da samarin da ke fasa salansa suna wasan ganganci a rakiyar amarya. Muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne kuma muka ce rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen haɗurra na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko gidan mai ɗori, ya san wace magana ce muka fi riƙewa.

Babur da tsaro, babur da tsadar mai

A shekarun baya-bayan nan babur ya sami baƙin suna da ba shi ya jawo ba. An hana haya da shi a tsakiyar Abuja a 2006, aka hana hawansa a Maiduguri a 2011, aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Sakkwato ba ta rasa kabu-kabunta ba, amma da 'yan bindigar daji suka mayar da babur dokin yaƙinsu a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, a watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa dokokin da suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, kamar yadda Zamfara da Katsina suka yi. Juriyar da ta sa manomi ya so Boksa, ita ce ta sa ɗan ta'adda ya so shi. Mai neman halak ya biya bashin da bai ci ba.

Sai kuma 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Masu motoci da yawa suka jingine su suka koma babur. Tsohuwar al'adar gyaran gida ta dawo, domin soso mai datti da taya maras iska yanzu kuɗin cefane suke ci.

Abin da ya rage gare mu

A littattafanmu na hikaya jarumi yakan fito a dalleliyar mota, ɗan kabu-kabu kuwa sai dai ya sauke wata a ƙofar gida ya ɓace, ba suna ba magana. Alhali a bayansa akwai balas da zai kai da dare, da uwar da ke jiran magani, da karatun da ya bari ko yake haɗawa da aikin. A rumfar bakanike akwai maigida da yaransa, da shekarun koyo, da ranar yaye, da amana da cin amana. Wannan duk kayan labari ne da ba mu taɓa ba.

Akwai kuma harshe. Kafireta, salansa, totur, boris, shokozoba, sigina: kalmomi ne da bakin Bahaushe ya karɓa ya sarrafa su har suka zama nasa, kuma ba a gama tattara su a ƙamus ba. Kanikawan da suka fara aiki a zamanin Udoji yanzu sun haura shekara 60, wasu 70. Su ne suka san wane babur ya fara shigowa unguwarsu, nawa aka saye shi, wa ya koya wa wa. Ba su rubuta ba, kuma kowace shekara muna rasa wasu.

Saboda haka aikin wannan mako mai sauƙi ne. Kowannenmu ya nemi tsohon bakanike ko tsohon ɗan kabu-kabu a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izini, ya zauna a kan bencinsa na awa ɗaya. Mu tambaye shi wa ya koya masa, wane inji ya fi ba shi wuya, me yake ji a ƙarar babur tun kafin ya taɓa shi. Mu rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da Sakkwatancinsa, kada mu gyara masa baki. Wanda ya samo wani abu ya kawo mana nan mu karanta tare. Wanda kuma zai je a kan babur, don Allah ya ɗaure igiyar hularsa.

Allah ya kare mu a kan hanya, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.